Yadda Ake Girka Manhaja a Linux da Flatpak, Snap da AppImage Ba Tare da Diski Ya Cika da Tarkace Ba

Duk wanda ya baro Windows ya shigo Linux akwai ranar da zai je shafin wata manhaja ya danna wajen saukewa, sai yaga an jero masa deb da rpm da Flatpak da Snap da AppImage, wani lokacin harda wani tar.gz a ƙasa, sai kai ya ɗaure ya rasa wanne ne nasa. Dalilin wannan tarin shine Linux ba abu ɗaya bace, kala-kala ce, kowace kala ana ce mata disturo, kuma kowacce da irin ƙunshin manhajar da take karɓa. Debian da Ubuntu da Mint suna amfani da deb ne ta hanyar umarnin girkawa mai suna apt, Fedora da openSUSE rpm suke yi, Arch kuma tana da nata pacman ɗin, kuma kowace disturo tana da rumbunta na manhajoji da irin laburaren da take ɗauke dasu. Manhaja bata aiki ita kaɗai, tana jingina ne da waɗannan ƙananan laburaren, toh in mai ita ya haɗa ta da sabon fitowa kai kuma tsoho ne a injinka shikenan an samu matsala, kamar dai safayar mota ce, ka samo mai kyau amma ramin kusoshinta bai yi daidai da na motarka ba. Sannan disturo irin Debian kusan duk shekara biyu take fitowa, Ubuntu LTS, wato fitowarta mai dogon tallafi, ma haka, abinda aka saka a rumbu ranar fitowa dashi zaka zauna sai dai gyaran tsaro kawai. Shi kansa Linus Torvalds sai da ya koka da wannan wahalar a taron DebConf na 2014, cewa haɗawa masu Linux manhaja ciwon kai ne in aka kwatanta da Windows ko Mac.

Su waɗannan ukun, Flatpak da Snap da AppImage, duk amsar tambaya ɗaya suke bayarwa, wato manhaja tazo da kayan da take jingina dasu dan ta yi aiki a kowace disturo. Amma ra'ayina tun daga nan in faɗa maka, gardamar wanne yafi da ake ta yi bata kai muhimmancin abu biyu ba: waye ya ƙunshe manhajar ya ɗora ta, kuma me da me aka bata izinin taɓawa a kwamfutarka. Duk matakan da zan kawo a kan wannan suke zagaye.

Fara da sanin abinda ke injinka

Buɗe tamina, wato tagar da ake rubuta umarni a ciki, ka rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

`cat /etc/os-release`
`flatpak --version`
`snap version`

Na farkon zai gaya maka sunan disturo ɗinka da lambarta, sauran biyun kuma in suka bada lamba toh abin na nan, in aka ce ba'a san wannan umarnin ba toh babu shi. In Ubuntu ce Snap na nan tun daga 16.04 ta shekarar 2016, Flatpak ce babu, kuma tun 23.04 ma 'yan'uwanta irinsu Kubuntu da Xubuntu sun daina zuwa da ita sai ka saka da kanka. In Mint ce akasin haka ne, Flatpak da babban kantinta Flathub suna nan a shirye, Snap kuma an toshe shi tun Mint 20 a 2020. Fedora tana zuwa da Flatpak, haka SteamOS da ke kan Steam Deck.

Flatpak, inda zan fi daɗewa

Alexander Larsson ne na Red Hat ya fara ta da sunan xdg-app, a 2016 aka canza mata suna zuwa Flatpak. Ita Flatpak tsarin ƙunshewa ce kawai, kantin da kusan kowa ke zuwa shine Flathub, kar ka haɗa su a kai dan kowa zai iya buɗe nasa rumbun na Flatpak, kuma wannan zai yi mana amfani nan gaba kaɗan.

Mataki na farko ka girka ta, kuma sudo ɗin da zaka riƙa gani a farkon umarni yana nufin ayi abin da ikon mai kula da injin. A Ubuntu ko Debian:

`sudo apt install flatpak`

A Arch `sudo pacman -S flatpak`, a openSUSE `sudo zypper install flatpak`. In kana so ka riƙa ganin manhajojin a kanti mai hotuna ba sai ka riƙa rubuta umarni ba, duba irin tebur ɗinka, wato fuskar da kake gani mai menu da tagogi, mai tebur ɗin GNOME ya ƙara `sudo apt install gnome-software-plugin-flatpak`, mai KDE kuma `sudo apt install plasma-discover-backend-flatpak`. Lura fa, App Center ɗin da Ubuntu ke zuwa dashi yanzu baya nuna Flatpak ko kaɗan, dan haka zaka ƙare da kanti biyu a injinka, wancan da kuma wanda ake kira Software kawai, ba matsala bace sai dai ɗan ruɗani.

Na biyu ka haɗa Flathub:

`flatpak remote-add --if-not-exists flathub https://dl.flathub.org/repo/flathub.flatpakrepo`

Daga nan ka yi ristat, ko aƙalla ka fita daga akawun ɗinka ka sake shiga. Mutane da yawa suna tsallake wannan sai su girka manhaja su duba menu basu ganta ba suce abin baya aiki, alhali tebur ɗin ne bai san sabuwar foldar da ake ajiye alamomin manhajojin ba sai an sake shiga.

Yanzu nemo abinda kake so. Misali `flatpak search vlc` zai fito maka da sunanta na ainihi, dan a Flatpak kowace manhaja tana da dogon suna mai ɗigo-ɗigo kamar adireshin intanet da aka juya baya, VLC itace org.videolan.VLC, GIMP itace org.gimp.GIMP, Firefox org.mozilla.firefox, OBS kuma com.obsproject.Studio. Sai kace:

`flatpak install flathub org.videolan.VLC`

Kafin ka danna y tsaya ka karanta abinda ya fito, dan nan ne sababbi ke firgita. Zaka ga manhajar ba wani girma ne da ita ba amma an jero wasu abubuwa masu suna irin org.kde.Platform ko org.gnome.Platform ko org.freedesktop.Platform kowanne ɗaruruwan megabait. Waɗannan su ake kira rantaim, wato ginshiƙin da manhajojin ke zama a kai, kuma sau ɗaya ake sauke kowanne, duk manhajar da tazo daga baya mai buƙatar irinsa zata hau kansa ne kawai. Kenan ta farko ce mai cin data, ta biyar ko ta goma zaka ga abin ya zama ƙarami. A ƙarƙashi akwai wani tsari mai suna OSTree wanda in fayil ɗaya ya maimaitu a wuri biyu sau ɗaya yake ajiye shi a diski, kuma lokacin afdet abinda ya canza kawai yake jawowa galibi. Shi yasa girman da kanti ke nuna maka yakan fi abinda aka ci a zahiri. Amma gaskiya in manhaja ɗaya tak kake buƙata kuma diskinka ƙarami ne, Flatpak bata da riba a wajenka, duba rumbun disturo ɗinka tukuna.

A wannan allon dai zaka ga jerin izinin da manhajar ke nema, kuma nan ne ainihin maganar. Ana cewa Flatpak tana saka manhaja a keji, eh gaskiya ne, tana amfani da wani abu mai suna bubblewrap ta killace ta, amma wanda ya ƙunshe manhajar shi ke rubuta ƙofofin da za'a bar mata a buɗe. In kaga filesystem=host ko filesystem=home toh wannan manhajar tana ganin fayilolinka gaba ɗaya, kejin suna ne kawai. Ba wai mugunta bace, tsofaffin manhajoji da yawa basa aiki sai da hakan, sababbi ne ke bi ta abinda ake kira fotal, wato in zata buɗe fayil sai tsarin ya fito maka da taga ka zaɓa da hannunka, wanda ka zaɓa ɗin kaɗai zata gani. Dan duba izinin wadda ka riga ka girka:

`flatpak info --show-permissions org.videolan.VLC`

Hanya mafi sauƙi ta gyara izini itace ka girka Flatseal, `flatpak install flathub com.github.tchx84.Flatseal`, zata jero maka manhajojinka a hagu da maɓallan kunnawa da kashewa a dama, masu KDE kuma suna da irin wannan a cikin saitin tebur ɗinsu. In kuma tamina ta fi maka, ga yadda ake hana manhaja shiga intanet, wanda ni ina ganin ya kamata a yiwa duk wadda bata da dalilin fita waje kamar mai karanta PDF ko kalkuleta:

`flatpak override --user --unshare=network sunan.manhajar.nan`

Ga kuma yadda ake bata damar ganin wani diski na daban, dan wannan shine ƙorafi na ɗaya da ake yi, wai manhaja bata ganin fayilolin da ke kan filashi ko diski na biyu:

`flatpak override --user --filesystem=/media sunan.manhajar.nan`

A Fedora da Arch filashi a /run/media yake sauka, sai ka canza. In ka dagula saitin har manhaja ta daina tashi kar ka cire ta, `flatpak override --user --reset sunan.manhajar.nan` zai mayar da komai yadda yazo.

Sai maganar waye ya ɗora. A Flathub tun 2023 akwai alamar tantancewa kusa da sunan manhaja, wadda ke nufin masu ita ne da kansu suka tabbatar tasu ce, Firefox ɗin can Mozilla ce ke ɗora ta, OBS ma masu ita ne. Wadda bata da alamar ba lallai ta zama mai cutarwa ba, sau da yawa wani ɗan sa kai ne ya ƙunshe ta kuma ana iya ganin yadda ya haɗa ta a fili a GitHub, amma dai ka sani akwai mutum na uku tsakaninka da masu manhajar. Mint 22 ma ɓoye marasa alamar take yi sai ka kunna da kanka. Duk abinda ya shafi kuɗi ko kalmar sirri, in babu alamar nan ni bana girkawa, sai naje shafin masu abin naga wace hanya suka ce abi.

Masu Fedora ku kula da wani abu. Fedora tana da nata rumbun Flatpak daban da Flathub, kuma manhaja ɗaya zata iya kasancewa a duka biyun amma ba mutum ɗaya ya haɗa su ba, har sai da aka yi ta cece-kuce a farkon 2025 tsakanin masu OBS da Fedora a kan wannan, dan mutane na girka ta Fedora suna zaton ta asali ce suna kai ƙorafi inda bai dace ba. Rubuta `flatpak remotes` kaga rumbunan da kake dasu, kuma a kantin Software akwai ɗan zaɓi kusa da maɓallin girkawa da ke nuna daga ina za'a ɗauko.

Afdet kuma `flatpak update` ne kawai. Ita Flatpak da kanta bata yin afdet a ɓoye, kantin ne ke yi in ka bar masa, dan haka in datarka a ƙidaye take shiga saitin Software ko Discover, wato kantin masu KDE, ka kashe na kai-tsaye. Bayan kowane 'yan watanni kayi wannan:

`flatpak uninstall --unused`

Dalili shine rantaim ɗin freedesktop duk watan Agusta ake fitar da sabo, shi yasa kake ganin 23.08 da 24.08, manhajoji na komawa sabon a hankali tsohon kuma ya zauna yana cin wuri ba mai amfani dashi. Masu katin Nvidia abin yafi shafarsu, dan duk lokacin da direban injin ya canza sai Flatpak ta sauko da nata kwafin mai lamba iri ɗaya, kuma in kayi afdet ɗin direba baka yi `flatpak update` ba zaka ga wasanni ko manhajar bidiyo sun ƙi tashi ko suna jan ƙafa, maganin kenan ba wani abu ba.

In sabon afdet ya ɓata maka manhaja ana iya komawa baya, kuma mutane ƙalilan ne suka san haka. `flatpak remote-info --log flathub org.gimp.GIMP` zai jero fitowar baya kowacce da doguwar lambarta, kwafi wadda kake so kace `sudo flatpak update --commit=lambar org.gimp.GIMP`, sannan ka ɗaure ta da `flatpak mask org.gimp.GIMP` dan kar afdet na gaba ya sake turo ka inda ka gudo. In an gyara sai ka kwance da `flatpak mask --remove org.gimp.GIMP`.

Cirewa: `flatpak uninstall --delete-data org.videolan.VLC`. In baka saka wannan wutsiyar ta ƙarshe ba saitunanka zasu zauna a ~/.var/app, wanda wani lokacin alheri ne in zaka dawo da ita.

Inda Flatpak bata dace ba kuwa, kayan tamina da sabar da duk wani abu da ke son shiga cikin tsarin sosai. Editan rubuta kod a cikin keji baya ganin kwamfailar da ke injinka, wato mai juya kod ya zama manhaja, sai an yi ta dabaru da flatpak-spawn, haka burauza da manhajar ajiye kalmar sirri sukan kasa magana da juna. Irin waɗannan ka ɗauko su daga rumbun disturo ko daga masu su kai tsaye ka huta.

Snap

Wannan na kamfanin Canonical ne masu Ubuntu. Kowane snap fayil ɗaya ne matsattse na squashfs da ake ɗaurawa kamar ƙaramin diski, shi yasa in ka rubuta `lsblk` a Ubuntu zaka ga tarin loop0 loop1 har ƙasa, ba ciwo bane haka yake. Abinda ke jawo masa suka shine kantin ɗaya ne tak kuma kod ɗin sabar kantin a rufe yake a hannun Canonical, wannan ne ma ya fusata masu Mint, musamman da Ubuntu ta mayar da Chromium ta koma snap a 19.10 ta yadda ko ta apt ka nema snap za'a kawo maka. Firefox ma haka take a 22.04 zuwa sama. Amma kuma in za'a yi adalci yana yin abinda Flatpak bata yi, wato kayan tamina da kuma kayan saba, kwamfutar da ke yiwa wasu hidima ta netwok, irinsu Nextcloud da LXD da certbot.

In ba Ubuntu kake ba sai ka girka snapd, wato abinda ke tafiyar da Snap, da `sudo apt install snapd` a Debian ko `sudo dnf install snapd` a Fedora, kuma a Fedora sai ka ƙara `sudo ln -s /var/lib/snapd/snap /snap` in zaka saka masu cikakken izini. A Mint sai ka fara kawar da fayil ɗin /etc/apt/preferences.d/nosnap.pref kafin apt ta yarda. Sai dai kafin ka wahalar da kanka rubuta `snap debug confinement`, in yace strict toh kejin na aiki, in yace partial toh rabi ne, dan kejin Snap ya dogara da wani tsarin tsaro mai suna AppArmor ne ita kuma Fedora wani daban mai suna SELinux take amfani dashi. A ganina in ba Ubuntu ko danginta kake ba, kuma abin yana Flathub, babu dalilin jawo snapd.

Kafin girkawa ko yaushe fara da `snap info vlc` ka dubi layin publisher, in akwai alamar tik a gaban sunan toh an tantance mai shi. Kar ka raina wannan, a 2018 an kama wasu snap da ke haƙar kuɗin kirifto a ɓoye a injin mutane, a 2024 kuma aka samu jabun manhajojin walat na kirifto a kantin da suka yashe wa mutane dukiya, kuma keji bai hana ba tunda mutum da hannunsa ya rubuta musu kalmomin sirrinsa. In ka gamsu sai `sudo snap install vlc`. Wasu zasu ƙi shiga sai ka ƙara wata kalma, kamar `sudo snap install code --classic`, ma'anar classic ɗin nan itace babu keji sam, manhajar tana da ikon da duk wata deb ke dashi. In manhaja bata ganin filashi duba `snap connections vlc` sannan ka haɗa da `sudo snap connect vlc:removable-media`. Ka kuma sani snap mai keji baya ganin ɓoyayyun fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo a foldarka ta gida.

Abinda yafi damun mutane shine afdet, dan snapd yana leƙa kanti sau huɗu a rana yana sabunta abubuwa ba tare da ya tambaye ka ba. `snap refresh --time` zai nuna maka yaushe ne na gaba. Kana iya tsayar masa da lokaci, misali daren Asabar kaɗai:

`sudo snap set system refresh.timer=sat,02:00-04:00`

ko ka hana shi taɓa datar waya da `sudo snap set system refresh.metered=hold`, amma wannan sai ka shiga saitin netwok ka yiwa layin alamar cewa na awo ne in ba haka ba bazai gane ba. Dan tsayar da manhaja ɗaya `sudo snap refresh --hold vlc`, kwancewa kuma `--unhold`. Shawarata kar ka tsayar da burauza, nan ne ramukan tsaro suka fi fitowa. Komawa baya a nan yafi na Flatpak sauƙi, `sudo snap revert vlc` kawai, saboda dama yana ajiye fitowar da ta gabata a diski, wanda kuma shine dalilin cin wurinsa. `snap list --all` zai nuna tsofaffin da aka rubutawa disabled, ka cire su da `sudo snap remove vlc --revision=lambar`. In zaka cire gaba ɗaya saka `--purge`, in ba haka ba zai ajiye kwafin bayananka na kwana 31 kafin ya share.

AppImage

Wannan shine dattijonsu, Simon Peter ya fara shi tun 2004 da sunan klik kafin ya koma AppImage a 2013. Babu kanti babu girkawa babu sudo, fayil ɗaya ne manhaja ɗaya. Krita da Kdenlive da Inkscape duk suna bada shi a shafukansu. Ka sauke daga shafin masu manhajar kaɗai, in sun bada lambar tantance fayil ka gwada da `sha256sum sunan-fayil.AppImage` kaga ta yi daidai, dan a nan babu keji ko kaɗan kuma babu wanda ya duba maka, duk abinda kake iya taɓawa a injinka shima yana iyawa. Buɗe folda mai suna Applications a gidanka ka riƙa tara su a can kar su ɓace a cikin Downloads, sannan ka bashi izinin tashi:

`chmod +x sunan-fayil.AppImage`
`./sunan-fayil.AppImage`

Ko ka danna masa dama ka shiga Properties ka kunna wajen da ke cewa a bari ya tashi a matsayin manhaja. In ka danna sau biyu shiru, tashe shi ta tamina kaga abinda zai ce, galibi FUSE zai ambata, wato abinda yake buƙata dan ya buɗe kansa. Ubuntu 22.04 ta daina zuwa da tsohuwar laburaren da yawancinsu ke nema, maganin `sudo apt install libfuse2`, a 24.04 kuma sunan ya koma `libfuse2t64`. Dan Allah ka dubi sunan da kyau, kar ka girka wanda ake kira fuse zalla, dan yana iya tumɓuke fuse3 ya tafi da wasu sassan tebur ɗinka. In baka da ikon sudo a injin, `./sunan-fayil.AppImage --appimage-extract` zai zazzage kayan cikin a folda mai suna squashfs-root, shiga ka tashi AppRun. In kuma kuskuren GLIBC ya ambata da wata lamba toh an haɗa fayil ɗin a kan disturo da tafi taka sabunta ne, nemi tsohuwar fitowa ko ka koma Flatpak.

Baya shiga menu da kansa kuma yawanci baya afdet da kansa, wata manhaja mai suna Gear Lever da ke Flathub tana magance duka biyun, ka ja fayil ɗin ka jefa mata ta saka shi a menu. Wata dabara da nake so, in ka buɗe folda a gefen fayil ɗin mai suna iri ɗaya sak ka ƙara .home a ƙarshe, duk saitunan manhajar a ciki zasu zauna, kaga sai ka ɗora su biyun a filashi ka yi aiki a kowace kwamfuta ba ka bar sawu. Haka in kana tsakiyar wani dogon aikin bidiyo kana tsoron sabon fitowa ya canza maka abu, ajiye AppImage ɗin da ka fara dashi har ka gama.

Toh wanne zaka ɗauka

Abinda ya shafi tsarin kansa, direba da kayan tamina da VPN da makamantansu, rumbun disturo. Manhajar tebur da kake so sabuwa, Flathub mai alamar tantancewa. Snap in kana Ubuntu kuma masu abin can suka ce aje. AppImage in babu wata hanya ko kana son yawo da ita. Abinda zan ja kunnenka a kai shine kar ka girka manhaja ɗaya ta hanya biyu, dan zaka ga alama biyu iri ɗaya a menu kuma kowacce da inda take ajiye saitinta, ta deb a ~/.config ko wata ɓoyayyiyar folda a gida, ta Flatpak a ~/.var/app, ta Snap a ~/snap, sai ka buɗe burauza yau kaga duk shafukan da ka adana sun ɓace alhali ɗaya 'yar'uwar ka buɗe. Gwada `flatpak list --app` da `snap list` da `apt list --installed` ka kwatanta, wadda ta maimaitu ka zaɓi ɗaya, ka kwashe bayananka zuwa foldarta tukuna kafin ka cire ɗayar.

In kana da injina da yawa kuma baka son sauke abu ɗaya sau da yawa, `snap download vlc` zai baka fayil biyu, na .assert da na .snap, a ɗaya injin ka fara da `sudo snap ack` a kan na farko sannan `sudo snap install` a kan na biyu, amma ka tuna ka sauko da ginshiƙinsa irin core22 ko wanda yake nema ta wannan hanyar. A Flatpak kuma `flatpak create-usb` ne ke kwafe manhaja da rantaim ɗinta zuwa filashi, sai dai yana buƙatar ka fara yin `flatpak remote-modify --collection-id=org.flathub.Stable flathub` a injinan biyu, sannan a na biyun ka girka da `--sideload-repo` kana nuna masa foldar .ostree/repo da ke kan filashin.

Ranar da zaka canza disturo ko ka sake girka tsarin daga farko, kafin ka goge komai yi wannan:

`flatpak list --app --columns=application > manhajoji.txt`

Kwafi wannan fayil ɗin tare da foldar ~/.var/app gaba ɗayanta zuwa wani diski, in kuma ka taɓa gyara izini haɗa da ~/.local/share/flatpak/overrides. A sabon tsarin ka haɗa Flathub kamar yadda muka yi a sama, ka mayar da foldodin inda suke tun kafin ka buɗe ko ɗaya daga manhajojin, sannan kace `xargs -a manhajoji.txt flatpak install -y flathub`. In jerin ya ƙunshi wata da ba daga Flathub ka ɗauko ta ba umarnin zai yi ƙorafi a kanta, goge layinta daga fayil ɗin ka sake bugawa, ita kuma ka girka ta daban daga nata rumbun.